Furen Ƙararrawa a Hannun Manomin Taba

In kuna neman mutumin da bakinsa yake riga hannunsa isa ko'ina, ba sai kun sauka daga duwatsun Nyanga ba, muna da namu. Sunansa Chenzira Sagwete, amma kada ka kira shi haka in kana so ya waiwayo. Foromani za ka ce, don shekara ashirin da takwas ya yi yana shugabancin lebura a gonakin taba can ƙasa wajen Karoi, inda rana take dafa mutum da ransa. Da gonar ta canja hannu aka sallame shi, sai ya tattaro matarsa Maman Rungano da akwatin ƙarfe biyu da wata tsohuwar malafa, suka hawo gida. Gidan ma ba nasa ba ne. Nasa ya daɗe da rushewa, sai wan matarsa Dzingai ya ba su ɗaki ɗaya a bayan madafa.

To kun dai san zaman gidan surukai. Mutumin da a da lebura ɗari biyu suke cire hula in ya yi tari, yanzu kullum safiya sai ya tsuguna a ƙofar Dzingai ya tafa hannu ya gaishe shi. In gatari ya dakushe, a kira Foromani. In saniya ta ɓalle, a kira Foromani. Abin yana cin ransa ƙwarai, shi kuwa Dzingai ba ya raga masa.

"Tsano," in ji Dzingai, don haka suruki yake kiran suruki a nan, "lebura ɗari biyun nan naka, babu ko ɗaya da zai zo ya kama mana saniyar?"

Ana cikin haka wata mata daga Harare, Madam Sarupinda, ta sayi tsohon masaukin baƙin nan na kan tudu, wanda bishiyoyin fayin, dogayen itatuwan katako masu ganye kamar allura, suka kewaye. Tana cikin gyara ta tsinci wani tsohon hoto. A hoton, ƙarƙashin bishiyoyin cike yake da furen ƙararrawa, wannan dogon fure da yake kai wa mutum kafaɗa, bakunansa jere a jikin kara suna kallon ƙasa. Madam ta ce ita fa sai an dawo mata da shi. Ta sa aka sanar cewa duk wanda ya fitar mata da furen nan a gindin fayin kafin ranar buɗe masauki a watan Nuwamba, shi ne mai lambunta, kuma gidan mai lambu nasa ne: ɗaki biyu, rufin kwano, murhun ƙarfe, ga famfo a bakin ƙofa.

Mutum biyu suka je. Ɗaya Mbuya Shupikai ce, wato Kaka Shupikai a bakinmu, tsohuwar da take sayar da tuffa da furanni a bakin titi, wadda tun tana yarinya ta yi cirar ciyawa a wannan lambun. Ɗayan kuwa kun san shi.

Mbuya ta ce, "Zan iya, 'yata, amma ba can cikin duhu ba. A gefe-gefe, inda rana take ɗan leƙowa. A share ganyen fayin, a barbaɗa irin a kan ƙasa, a juya a tafi. Furen nan ba ya son a dame shi."

Foromani ya karɓi ƙunshin irin da Madam ta zo da shi ya zuba kaɗan a tafin hannu. Ƙanana ne kamar garin barkono. Ya duba, ya sunsuna, sai ya kece da dariya har malafarsa tana rawa.

"Madam, an yaudare ki da dogon suna. Wannan ai taba ce. Taba ce ta sa kayan zuwa coci. Irin nan na yafa shi sau ashirin da takwas, ko a mafarki ka tashe ni zan gaya maka abin da yake so. Kaka ta ce a barbaɗa a tafi. To in barbaɗawa ce da tafiya, me zai sa ki ba da gida? Iska ma tana yin wannan kyauta."

Ya zaro wani tsohon littafin aljihu ya shiga zana layuka, yana faɗin taku nawa tsakanin kunya da kunya, yana ambaton sunayen taki. Madam 'yar birni ce, tana son mutum mai littafi. Ta miƙa masa irin. Mbuya ta ɗauki kwandonta ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗana," irin addu'ar da ake yi wa wanda ya hau keke ba birki.

A hanya Foromani ya ce wa matarsa, "Maman Rungano, ki fara yi wa ɗakin bayan madafa kallon baƙo."

"Baban Rungano," ta ce, "ka taɓa ganin furen nan da idonka?"

"Na ga hotonsa. Likita ma ai ba sai ya yi ciwon ba yake ba da magani."

Aikin farko da ya yi shi ne kewaye wurin da zana mai tsayi, kamar yadda ake yi wa wurin renon taba, ya yi mata ƙofa ya ɗaure da waya. Na biyu kuwa shi ne ya tara mana gari. Manomin taba ba ya yafa iri sai ya tara ƙiraruwa a kan ƙasar ya cinna wuta, don ta kashe ƙwari da irin ciyawa. A Karoi wannan ilimi ne. A nan kuwa, inda kowa arzikinsa itacen fayin ne, ko ashana ka ƙyasta kusa da daji sai an harare ka. Foromani ya tara busassun rassa a kan ganyen fayin da ya shekara ashirin yana zubowa, ya cinna.

Lokacin damina ne, shi ya cece mu. Saman ganyen ya kama, ƙasansa a jiƙe, sai hayaƙi ya turnuƙe ya rufe tudun gaba ɗaya. Aka buga guntun ƙarfen layin dogo da ake bugawa in gobara ta tashi. Maza suka fito da jiƙaƙƙun buhuna, mata da bokitai, malamin makaranta ya saki 'yan aji, har fasto ya zo da rigarsa a tattare. Da aka kashe wutar aka tarar da Foromani a tsakiya yana tari, babu gira ko ɗaya a fuskarsa.

Mai unguwa ya ce, "Chenzira, kana da hankali kuwa?"

"Ranka ya daɗe, wutar a hannuna take. Saura kaɗan in kashe ta kuka zo kuka tattake mini fili."

Dzingai ya ƙare masa kallo ya ce, "Tsano, an kashe ƙwarin kam. Har waɗanda suke zaune a girarka."

Ya zuba irin cikin garwar ban-ruwa ya motsa ya fesa a fili, yadda ake yi wa taba, sa'an nan ya kwaso ganyen fayin ya lulluɓe wurin, kauri ya kai taƙi guda. Mbuya Shupikai tana wucewa da kwandonta ta leƙa ta ramin zana.

"Ɗana, irin nan haske yake so kafin ya tsiro. Ka binne shi da rai."

"Kaka, bargo na rufa masa. Ku mutanen dutse ba ku san tausayin iri ba."

Mako uku, huɗu, biyar, ko ɗigon kore babu. Foromani ya rame. Kullum sai ya ɗaga ganyen ya leƙa ya mayar. Ran nan Mbuya ta kira shi bayan zana, can gefen daji inda hasken safiya yake sauka, ta nuna masa ƙasa da sandarta. Wurin da yake ɗauraye garwa ya watsar da ruwan, nan tsiro ya fito cunkus, ɗaruruwa, ba wanda ya rufa musu bargo.

Foromani ya gyara malafa. "Yauwa. Gwajin ya yi. Da ma kashi biyu na raba shi, in ga wanda zai fi."

"To ka bar su a nan," in ji Mbuya. "Nan suka zaɓa."

Ina. Foromani ya ja igiya, ya ta da kunya a miƙe kamar layin soja, ya kwashe su ya dasa a cikin zana. Waɗanda suka faɗa can cikin duhu suka yi rawaya suka mutu, ya ce raunana ne, gara da suka tafi da wuri. Amma na gefen da rana take ratsowa ta tsakanin rassa, wajen ɗari uku, suka kama. Gaskiya kuma a faɗe ta, mutumin ya iya renon ganye. Ya ba su taki, ya ba su ruwa, yana kwashe musu ganyen fayin da hannu ɗaya-ɗaya. Da sanyin Yuni ya shigo, ƙanƙara tana kwanciya a kan ciyawa, su a gindin bishiya ko a jikinsu, sun baje faffaɗan ganye mai gashi-gashi.

Daga nan bakinsa ya buɗe. A shagon shayi, a bakin coci, a wurin jiran mota, zance ɗaya ne. Awaki sun fasa zana sun shiga sun fita ba su taɓa ganye ko ɗaya ba, ya ce ko dabba ta san aikin Foromani. Mbuya ta ce, "Dabbar ta fi ka sani ne, guba ce," bai ji ba, ya riga ya juya yana ba wani labari.

Manomin taba kuma ba ya ganin ganyen ƙasa ya ƙosa ya ƙyale shi. Foromani ya bi layi ya tsinke na ƙasa-ƙasa, ya ɗaure dami-dami, ya kai madafar gidan Dzingai ya rataye a saman murhu. Wai zai busar ya gwada, in ta yi ƙamshi ya buɗe wa Madam sabuwar hanyar arziki. Bai gaya wa kowa ba. A wannan wurin kuwa matar Dzingai take rataye busasshen ganyen miya na rani. Bayan kwana goma ta miƙa hannu ta tsinko ta murmushe a tukunya, ta zuba man gyaɗa. Allah ya sa Maman Rungano ce ta zo juya miyar. Ta ga ganyen da gashi, ta ɗaga kai ta ga damin mijinta, sai ta suri tukunyar ta yi waje da gudu ta kife ta a rami ta tura ƙasa.

Ranar gidan kaf da gishiri aka ci tuwon masara. Dzingai bai yi wasa ba wannan karon. Ya zaunar da Foromani a tsakar gida, a gaban mata da yara, ya bar shi a tsugune yana tafa hannu har gwiwarsa ta sage.

"Tsano, na ba ka ɗaki don 'yar'uwata. Ka kusa ƙone mana daji, na yi dariya. Yau ka kusa kashe mini gida. Nuwamba kake ta faɗa, to Nuwamban ce. In ka samu gidan Madam, mu raka ka da rawa. In ba ka samu ba, za mu zauna mu yi wata magana."

Foromani ya ji kunya ranar, kunya ta gaske, har ya kasa haɗa ido da matarsa. Amma kafin mako ya zagayo ya fara cewa a shagon shayi shi ya gano gubar.

Ƙarshen Satumba ɗumi ya fara shigowa, sai abin da ake jira ya zo. Daga tsakiyar kowane gindi kara ya miƙe, a kansa ƙunshin 'ya'yan fure a jere, ɗari uku reras. Mbuya ta leƙa, ta daɗe tana kallo, har ta share ido da gefen zani.

"Ɗana, ban zaci zan sake ganin wannan ba. Ka yi aiki. Yanzu saura abu ɗaya: ka zuba hannuwanka a aljihu, ka bar su a can har Nuwamba."

Foromani ya koma ciki ya ɗaure ƙofa. Ya tsaya yana kallon kawunan nan, yatsunsa suna ƙaiƙayi. Shekara ashirin da takwas yana korar lebura a kan abu ɗaya, wato barin taba ta yi fure. A gonar taba, da kai ya fito ake karye shi, don ƙarfi ya koma ganye. Ganin kai ɗari uku a tsaye a filinsa sai ya ji kamar an zage shi. Ya zaro littafi ya ƙirga kwanaki: saura mako shida a buɗe masauki.

"Ka ji," ya ce wa kansa. "Za su buɗe yanzu su zube kafin baƙi su zo. Tsohuwa ba ta san lissafi ba. A tare su, a tara musu ƙarfi, sa'an nan a sake su a kan lokaci."

Ya tofa yawu a hannu ya shiga layi. Babban yatsa da manuni, ƙas, ya wuce. Kafin rana ta take ya gama da ɗari ukun, ya kwashe kawunan ya binne. Rabonsa da jin daɗin aiki irin na ranar tun yana Karoi.

Da Mbuya ta leƙa washegari sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Wa ya yi wannan?"

"Ilimi ya yi, kaka. Na ɗaure musu linzami ne."

Ta dube shi kamar za ta rufe shi da sanda, sai kuma ta tuna Maman Rungano, ta sassauta. "Saurara, don matarka zan faɗa maka. Bai ƙare ba. Za su fito da ƙananan rassa ta gefe. Ba za su yi tsayi ba, amma za su yi fure, wataƙila su kai ranar. Ka ji ni? Kada ka taɓa."

Bayan kwana goma rassan suka leƙo daga hammatar ganye, uku-uku, huɗu-huɗu. To duk wanda ya taɓa kwana a gonar taba ya san abin da yake biyo bayan karye kai. Waɗannan 'yan tsiron su ne ɓarayin ƙarfi, ba a barin su su kwana. Foromani ya yi ƙoƙari, ban hana shi wannan ba. Kwana biyu yana zagaya zana hannu a aljihu yana fito. A rana ta uku ya ce bari ya cire ɗaya kawai da ya karkace. Da ya ɗago kai yana ƙarshen layi na goma sha biyu. Suka sake fitowa, ya sake bi. Saura mako ɗaya ya tsaya a tsakiyar fili ya ce musu, "To, na sake ku. Ku fito." Ganye ya kalle shi, shi ma ya kalli ganye.

Madam ta iso saura kwana biyu, kanta ya yi zafi da masu fenti da masu girki. Ta ce a buɗe ta gani. Foromani ya tare ƙofa.

"Madam, amarya ba a buɗe fuskarta kafin ranar. Ki bari baƙi su taya ki mamaki."

Ta yi dariya ta wuce. Shi kuwa ya shiga neman wanda zai ɗora wa. Bai sha wuya ba, don birai suna saukowa daga dutse su ɓare bawon fayin, kowa yana kuka da su. Ya samo kashin biri ya ajiye nan da can tsakanin kunyoyi, ya ɗan yage zana ta baya.

Ranar buɗewa motoci suka cika tudu, daga Mutare, daga Harare. Mawaƙan coci suka jeru, mai unguwa ya sa kwat, masu ɗaukar hoto suka durƙusa. Maman Rungano kuwa, da yake mijinta ya rantse mata komai ya kammala, tun safe ta loda akwatunan ƙarfe da katifa da tukwane a amalanken shanun Dzingai, aka tsayar da shi a bayan gidan mai lambu. Madam ta riƙe tsohon hoton a hannu ɗaya, mabuɗin gidan a ɗaya. Ta yi jawabi, aka tafa, aka kwance waya, aka ja zana gefe.

Layi goma sha biyu a miƙe, ganye kore shar, kowanne ya kai faifai. Fure kuwa ko na rantsuwa babu.

Mawaƙa sun riga sun ja numfashi, sai suka sake shi a hankali. Wata baƙuwa ta ce, "Kabeji ne?"

Foromani ya cire malafa ya dafe ƙirji. "Madam, ban so in faɗa miki ba don kada in ɓata miki biki. Birai ne. Sun fasa ta baya suka karye kawunan kaf. Ga kashinsu nan, kowa ya duba. Wata tara ina wahala." 

Jama'a suka ɗauki salati irin namu, ana kaɗa kai. Kowa a nan biri ya taɓa yi masa ɓarna. Madam ta dubi ganyen, ta dubi mutumin, ta yi ajiyar zuciya.

"Ba laifinka ba ne, baba. Ko makaho ya shafa ganyen nan ya san an yi aiki. Baɗi sai mu kewaye da waya." Ta fara miƙo hannun da yake riƙe da mabuɗi.

Mbuya Shupikai ta sunkuyar da kai, ba ta tona shi ba. Dzingai ma bai tona shi ba, don in aka ba da mabuɗin ya rabu da baƙonsa ke nan. Amma akwai wani dattijo cikin baƙi, kawun Madam, wanda shi ma ya tsufa a noman taba. Ya shiga layi yana dogara sanda, ya sunkuya ya duba kara ɗaya, ya duba na biyu, ya ɗaga ganye ya leƙa hammata.

"Ikon Allah," ya ce. "Biran nan naku sun yi makaranta. Kowane kara a gaɓa ɗaya aka karye, har 'yan tsiron gefe an bi an cire." Ya taɓe baki. "Sai dai aikin biri aikin biri ne. Hannun bai nuna ba. Da a gonata ne, wanda ya yi wannan ba zai kai azahar ba."

Foromani ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Mabuɗi yana taƙi ɗaya da hannunsa. Maman Rungano ta taka masa ƙafa. Ya kalli sama, ya kalli mabuɗi.

Dattijo ya ƙara da cewa, "Dubi nan, an ɗan yage bawo. Ɗan koyo ma ya fi wannan."

"Ina aka yage?" in ji Foromani.

"Baban Rungano," matarsa ta ce a hankali.

"A'a, bari ya nuna mini. Ina aka yage? Malam, wannan ba yagewa ba ce, tabon ƙwaro ne, sa tabarau ka duba. Ɗari uku kafin rana ta take, ni kaɗai, babu wuƙa, babu mai taya ni. Tsiron gefe sau biyu na bi shi, ka nemo mini ɗaya da ya tsira in ba ka malafata. Shekara ashirin da takwas ba a taɓa ce wa hannuna bai nuna ba. Wane biri ne zai yi maka wannan? Kawo shi in gan shi."

Can daga bayan mawaƙa wani ya fashe da dariya, sai wuri ya ɗauka. Mai unguwa ya toshe baki da hula, fasto ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, masu hoto suka yi ta ɗauka. Dattijo ya sa tabarau ya sake dubawa ya ce, "Gaskiyarka, tabon ƙwaro ne. Aikin ya yi kyau." Foromani har ya fara murmushi kafin ya tuna inda yake.

Madam ta janye hannunta a hankali. "To kashin birin fa?"

Dzingai ya ce, "Shi kam na birin ne, Madam. Ɗauko shi kawai Tsano ya yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ratsa jama'a ta je gaban Mbuya Shupikai ta ɗan rusuna ta sa mata mabuɗin a hannu. "Kaka, ki yafe mini. Baɗi a barbaɗa a tafi."

Sauran aikin shi ne juya amalanke. Hanyar kuwa ɗaya ce, ta gaban rumfar baƙi. Foromani ya kama igiyar shanu, katifa tana lilo a sama, tukwane suna ƙara, mutane suna matsawa da faranti a hannu. Sai da suka sauka rabin tudu Dzingai ya yi magana.

"Maganar da na ce za mu yi, na fasa, don 'yar'uwata. Amma ɗakin tun da safe na zuba dankalin iri a ciki. Sai ku raba, ku rabi, shi rabi. Ya fara tsiro, Tsano. In na ga ɗaya a karye, da kai da akwatunanka sai titi."

Foromani ya buɗe baki zai yi bayani a kan tsiron dankali, sai ya hangi matarsa. Tana tafe a bayan amalanke rungume da wani ƙunshi da ba ta yarda ta ɗora a kan kaya ba. Gefensa ya zame, ya ga labule ne, guda huɗu, sababbi, ta ɗinke su da hannu daidai tagogin gidan mai lambu. Ashe ta je ta auna a ɓoye.

"Maman Rungano," ya ce.

"Ja shanunka," ta ce. "Shekara talatin ina bin ka gidajen mutane. Yau saura taƙi ɗaya in samu taga tawa, ka sayar da ita don wani tsoho ya ce hannunka ya nuna."

 Foromani ya mayar da malafa ya ja shanu, suka gangara. Ɗakin bayan madafa taga ɗaya gare shi, ita ma buhunan dankali sun tare ta.